Sharar Magariba a Lakwal

Rana ta yi ja, ta sauka bisa kan geza. An buga ƙarfen tashi, yaran lakwal, makarantar boko, sun watse da gudu, ƙurarsu ma ta kwanta. Wani ƙaramin gari ne tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri, sunansa ba sai an faɗa ba. Lakwal ɗin tana can bakin daji, ɗakin karatu uku jere, na ƙarshen yana kallon wani babban suri.

Jatau mai gadin lakwal ya sauko da tuta, sabuwar tutar nan da anka ɗaga bayan tafiyar Nasara, ya naɗe ta ya ajiye. Ya ɗauki tsintsiya ya dubi sama. Gabansa ya faɗi, kamar yadda yake faɗuwa kullum yamma tun zuwan sabon direkta.

Shi Jatau da makiyayi ne. Ciwo ya shiga garkensa shekara guda ya share shi kaf, ko maraƙi bai bar masa ba. Ba shi da gona, ba shi da kowa cikin garin. Aikin gadin nan shi ne hatsinsa, shi ne kuma ɗakin kwanansa, don bukkar da yake ciki bayan lakwal ta mai aikin ce. Daga shi sai matarsa Ajuma, sai ɗiyarsu Balki, ita kaɗai ta rayu cikin duk waɗanda sunka haifa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata.

Da can da safe ake shara. Jatau ya yi asuba ya bi ɗakunan da busassar tsintsiya, yara su shigo cikin ƙura, su wuni suna tari. Da sabon direktan, Issa, wanda ake ce wa Mushe Issa kamar sauran malaman lakwal, ya zo daga Dogon Dutsi ya karɓi lakwal, sai ya sake tsarin aikin duka. Saurayi ne mai tsabta, ba mugu ba ne. Ya ce safiya ta cika randuna ce da wankin salga da sharar fili. Ɗakunan karatu kuwa sai yara sun tashi da yamma, a ɗora benci bisa tebur, a yayyafa ruwa mai girezil, wannan baƙin maganin mai wari da ke zama fari in ya shiga ruwa, sannan a share daga gindin allo zuwa ƙofa. Kafin safiya ƙura ta kwanta, yara su tarar da ɗaki fes.

Jatau ya ce, "Mushe, tashin yara kusa da magariba ne hwa."

"To sai mi, gardiye?"

"Ba a shara da magariba, Mushe."

Mushe Issa ya yi dariya, ba ta raini ba. "Haka tsohuwata ke cewa. Amma ba ita ke jin tarin yaran ga ba. Kuma ba daga kaina na ƙaga ba, haka anka ce kowace lakwal ta yi."

Jatau ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Tun daga nan yake tsere da rana. Ɗaki na farko ya gama da haske, na biyu da jan rana, na ukun nan kuwa kullum sai duhu ya fara shiga. Yana shara yana bisimilla, yana neman gafara ga wanda bai gani ba.

To, a wannan yammacin bayansa ya riƙe. Ya sunkuya ɗaukar bokiti a ƙofar ɗaki na uku, ya kasa miƙewa. Sai ga Balki ta kawo masa ruwan alwala. Ladan ya fara kira can cikin gari.

"Baba, kawo in ƙarasa maka. Tahi ka yi salla."

"A'a, Uwata, bari."

"Ɗaki guda ne hwa. Kahin ka sallame na gama."

Ya sani. Kowa ya sani, yarinya ba ta shara da magariba. Amma bayansa kamar an soka masa mashi, ga salla tana wucewa. Ya miƙa mata tsintsiyar.

Ya yi sallarsa gindin tutar. Da ya sallame sai ya kasa kunne. Ba ƙarar tsintsiya. Ba motsin benci. Ko tsuntsayen da ke komowa cikin geza sun yi tsit.

Ya ja ƙafa ya leƙa. Balki tana tsaye tsakiyar ɗakin cikin duhu, bokiti ya kife, farin ruwa ya malale ƙasa. Ta ƙura ido ga lungun baya, inda benci na ƙarshe yake.

"Uwata?"

Ba ta waiwayo ba. A hankali ta ce, "Baba, jinjirin wa ke kuka?"

"Wane jinjiri?"

"Na watsa ruwa lungun can, sai na ji ya tsala ihu. Ba ka ji ba? Har yanzu shina yi."

Jatau bai ji komi ba. Ya kama hannunta, sanyi ƙalau kamar randa. Ya ja ta sunka fita, ko ƙofar bai rufe ba.

Ajuma ta kwashe tuwo. Lomar farko Jatau ya ji ƙas a haƙori. Ya tofar a tafin hannu, sai ga guntun alli. Ajuma ta tona malmalar, ƙasa ce cikinta da guntayen takarda, ita kuwa da hannunta ta tankaɗe garin. Sunka dubi juna.

Sai tsakuwa ta faɗo cikin ƙwarya, ƙwal. Wata ta bugi tukunya. Wata ta faɗo bisa tabarma tsakaninsu, kuma ba daga bayan danga take zuwa ba, daga sama take sauka miƙe. Jatau ya zagaya gidan da sanda, ba kowa, ba sawun kowa. Da ya ɗauki tsakuwa guda ya kai hanci, warin girezil take yi.

Haka abin ya zauna musu. Da rana lafiya lau, yara na karatu, kaji na tono. Da rana ta yi ja sai gidan ya sake. Sharar da Jatau ya kwasa ya ƙone a rami, ita zai tarar tare a ƙofar bukkarsu, har da takardun da wuta ta ci rabi. Bayan danga kuma sai a ji mace tana rarrashin yaro, ƙasa-ƙasa, da harshen da ba Hausa ba, ba Fulatanci ba, ba Zabarmanci ba. In anka matsa sai muryar ta koma ɗaya gefen.

Balki idonta ya yi ja kamar garwashi, hawaye ba ya tsayawa. Ta bar cin abinci. Anka kai ta gidan likita a Kore Mairuwa bisa jakin aro, anka ɗiga mata magani, a banza. Da yamma sai ta sauka ƙasa tana rarrafe, tana lalube da hannu kamar makauniya, tana kukan jarirai. Yarinyar da ta fara zama budurwa. Ajuma ta riƙe ta tana kuka, ita ma ba ta san mi take riƙe da shi ba.

Kuma duk da haka, in anka buga ƙarfen tashi, Jatau sai ya ɗauki bokiti da tsintsiya.

Ajuma ta tare shi a ƙofa. "Maigida, ɗiyarka na nan kwance, kai ko za ka koma ka ƙara zuba musu?"

"In ban tahi ba, mi za mu ci? Ina za mu kwana?"

"In ta mutu hwa, wa za ka ciyar?"

Ya tsaya da bokitin a hannu. Sannan ya tafi, yana share ɗakin yana jin kukan ɗiyarsa daga nesa, kowane ja na tsintsiya sai kukan ya ƙaru.

Mushe Issa ya zo dubiya da rana, ya kawo sukari da man ido. Ya ga yarinya zaune shiru a inuwa. Ya ce ciwon ido ne, zai wuce. Game da jifa ya ce wataƙila yaran gari ne, zai ja musu kunne. Jatau ya yi godiya har ƙasa.

Ajuma ta ce a kira masu gogen bori su zo su tambayi iskar abin da take so, haka ake yi a Arewa tun kaka da kakanni. Jatau ya ce ba za a kaɗa goge a bayan lakwal ba, ranar za a kore su. Sai ya aika wajen Sukukutane, ga Modibbo Manu, wani tsohon malamin Fulani da ya sani tun zamanin kiwo.

Modibbo ya iso da la'asar bisa raƙumi, siriri, gemunsa fari. Bai tambayi komi ba. Ya sha ruwa, ya ce a shimfiɗa tabarma tsakar gida, a kawo garwashi a kasko, a zaunar da yarinyar. Ya ce wa Jatau, "Yau ba ka shara. Zauna nan."

Sunka zauna suna jiran rana ta faɗi. Inuwar danga ta miƙe har ta rufe su. Iska ta tsaya. Tsakuwa ta farko ta faɗo dab da gwiwar Modibbo, bai ko dube ta ba. Ya zuba tazargade a garwashin, hayaƙi ya tashi, ya fara karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka.

Balki ta fara rarrafe. Sai ta tsaya cak. Ta miƙe zaune, bayanta ya miƙe, wuyanta ya miƙe, har Jatau ya ga kamar ta fi shi tsawo. Ta buɗe baki, abin da ya fito muryar tsohuwa ce mai kauri.

"Kashe hayaƙin ga, Bahillace. Na ƙoshi da warinku."

Modibbo ya ce, "Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Mai ɗakin."

"Wane ɗaki?"

"Wanda kunka gina bisa ƙohwata. Ina nan tun ba a haihi kakan wanga mutum ba. Kunka zo kunka aza tubali, ban ce komi ba. Kunka cika man wuri da ɗiyanku suna ihu wuni guda, ban taɓa ko guda ba. Na ce rana tasu, in ta hwaɗi tawa. Na yi zalunci?"

"Ba ki yi ba."

"Da yamma nike hiddo nawa su sha iska. Sai ga mutum da tsintsiya shina korarmu kamar kaji. Na yi haƙuri, na riƙa janye su, don shi shina neman gahwara kahin shi watsa. Wagga ko ta shigo ba sallama, ta watsa wuta cikin lungu. Autata na nan tana rarrahe. Idonta duka biyu sun ƙone."

Ajuma ta ɗora hannu a ka.

Modibbo ya ce, "Yarinya ce. Ba ta gan ku ba."

"Tawa ma yarinya ce."

"Mi kike so?"

"Ido biyu."

Modibbo ya ƙara tazargade, ya ɗaga murya da karatu. Jikin Balki ya hau makyarkyata, muryar ta yi ƙara, tsakuwa ta zubo kamar ƙanƙara, ƙwarya ta fashe, kaji sunka tashi daga akurki. Jatau ya rarrafa ya kama ƙafar Modibbo, don yana ganin ɗiyarsa ce ke ƙonewa. Modibbo ya sassauta.

"Kin ji abin da ke hannuna," in ji shi. "Ina iya ƙona ki, ke ma kina iya tahiya da ita kahin in gama. Ba wanda ya ci riba. Ke ma akwai ranar da za ki tsaya gaban wanda ya halicce mu duka. Idon wagga ba shi buɗe na taki."

Hawaye na zuba daga idon Balki, amma fuskar ba ta kuka ba ce.

Muryar ta ce, "To a bar man yammacina. Kada tsintsiya ta ƙara shiga ɗakin nan in rana ta yi ja."

Modibbo ya dubi Jatau.

Jatau ya buɗe baki da kyar. "Ranki shi daɗe, ba ni ke da lakwal ba. Sa ni anka yi. Akwai direkta, shi ma akwai na samansa."

"Ban san direkta ba. Bai taɓa riƙe tsintsiya gabana ba. Hannun da ya share shi na sani."

"In na ɗauki alkawarin da ba ni iya cikawa hwa?"

"Sai in komo, kuma ba magana za ni yi ba."

Modibbo ya ce, "Kada ki aza mishi abin da ba nashi ba. Shi dai shi ɗaukar miki nashi hannu da na gidanshi. Ba shi, ba matarshi, ba ɗiyarshi, ba mai ƙara share ɗakin nan da yamma. Ke ko ki sake ta da idonta."

Muryar ta ce, "Wanda duk ya zo bayanshi hwa?"

"Wannan ba shi cikin maganarmu ta yau."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na yarda. Shi rantse."

Jatau ya san abin da yake rantsuwa a kai. Ya dubi bukkar, ya dubi rumbun da babu komi ciki sai abin da aikin nan ke zubawa. Ya dubi ɗiyarsa. Ya ɗora hannu bisa littafin Modibbo ya rantse.

Balki ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta kife bisa cinyar uwarta. Wata iska mai sanyi ta bi ta tsakar gidan ta ratsa danga, ta nufi wajen suri. Can sai ga ƙaramar murya, tata ta gaske. "Inna, ƙishirwa nike ji."

Da safe idon ya washe. Ta ci tuwo, ta nemi ƙari.

Jatau ya sa rigarsa ta kirki ya tafi ofishin direkta. Ya durƙusa a ƙofa.

"Mushe, alhwarma na zo nema. A maida sharar ɗakuna da sahe. Ko tun da asuba ne, ni yayyahwa ruwa sosai, ƙura ba ta tashi."

"Asuba kana rijiya, gardiye. In ka tsaya shara wa ke cika randuna? Kuma ƙasa ba ta bushewa, yara su zauna cikin caɓi da warin magani."

"To da tsakar rana, in an tashi hutu."

"Yaran ƙauyuka cikin ɗakunan suke wuni, nan suke cin ɗan guzurinsu. In kore su rana?"

"Ɗaki na uku kaɗai, Mushe. Shi kaɗai a bar man shi har sahe."

Mushe Issa ya cire tabarau ya murza ido. Ya ji labarin daren jiya, garin duka ya ji. "Jatau, in mai duba lakwal ya zo daga Doso ya iske ɗaki guda da datti, mi za ni ce mishi? In ce aljana ta hana? Mutanen garin ga da kyar sunka ba mu ɗiyansu. Ranar da na yarda da bakina akwai wani abu cikin ɗakin nan, gobe ba yaro ko guda. Ka huta kwana biyu, ka komo bakin aikinka."

"Na rantse, Mushe."

"Ni ma aiki anka ba ni."

Ba wanda ya ɗaga murya. Jatau ya kwance makullan daga ƙugunsa ya ajiye bisa tebur. Mushe Issa ya dube su, ya ce Allah shi sa haka ya fi alheri, kuma da gaske yake.

Ba a kwana biyu ba anka sami wani. Ɗan'azumi sunansa, mutumin garin, gonarsa ba ta yi ba bana, ga 'ya'ya ƙanana cike da gida. Ya zo duba bukkar tun Ajuma na ɗaure tukwane. Modibbo ya ce su biyo shi Sukukutane, wataƙila a sami mai ba Jatau kiwon awaki.

Jatau ya ja Ɗan'azumi gefe. "Ɗan'uwa, ka ji abin da ya same mu. Ɗakin can na ƙarshe, kada ka..."

"Na ji, Jatau. Har jihwar na ji daga gidana."

"To?"

"To mi? Hatsina ya ƙare tun kahin sanyi. Ni ma uwa ta haihe ni, na san ba a shara da magariba." Ya kau da kai. "Ka yi man addu'a dai."

Sunka so tashi da wuri, mai jakin bai zo ba sai bayan la'asar. Kafin a gama ɗaura kaya rana ta yi ja. Anka aza Balki bisa kayan, Ajuma na gaba da ƙwarya a ka, Jatau na baya da sanda. Hanyar ta bi ta gaban lakwal, ba wata.

An buga ƙarfe, yara sun watse. Ɗan'azumi ya gama ɗaki biyu, yana tsaye ƙofar na uku da tsintsiya, yana duban sama. Daga wajen rijiya wata 'yar ƙaramar yarinya tana tahowa, ɗiyarsa ce, ba ta kai Balki ba. Ta rungumo bokiti da hannu biyu, farin ruwan yana fallatsa mata a zane.

Balki ta ce, "Baba, ka hana ta."

Jatau ya tsaya. Ya ɗaga sanda kamar zai yi kira. Ɗan'azumi ya gan shi sarai, ya juya baya, ya karɓi bokitin, yarinyar ta bi shi ciki don ta ɗaga masa benci.

"Baba!"

Jatau ya sauke sandar. Ya bugi jakin a hankali. "Ruhe kunnenki, Uwata," in ji shi. "Mu tahi."